Za a iya yaudarar mutum ba a yi masa ƙarya ko ɗaya ba?

Dan_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Gardama ce ta kaure a fadarmu, har shayi ya huce ba a rabu ba, na ce bari in kawo ta nan inda akwai malamai da ƴan kasuwa. Ni inda na tsaya: yaudara daban, ƙarya daban. Ana iya yaudarar mutum sarai ba a faɗa masa kalma ɗaya ta ƙarya ba. Abokaina sun ce in babu ƙarya babu yaudara. Misalin da muka ja a kai: mutum zai sai da moto, ya san injin ya gaji yana hayaƙi. Ya wanke ta fes, ya zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙin ya lafa. Mai saye ya ce, "Lafiyarta ƙalau?" Shi kuma ya ce, "Ga ta gabanka, hau ka zaga ka ji da kanka." Bai ce lafiya ba, bai ce ba lafiya ba. Ya yaudare shi ko bai yaudare shi ba?

Kabukabu_227:
Ya yaudare shi mana. Zagayen unguwa ba ya nuna ciwon inji, sai ka kai Tibiri ka dawo ya ɗau zafi. Mai moton ya san haka, shi ya sa ya ce a zaga.

Dillalin_Kara:
A'a, ku dakata samari. Kasuwa hwa ba masallaci ba ce. Mai saye shina da ido, shina da hannu, an ce mai ga kaya duba. In bai iya dubawa ba, mi ya hana shi zo da makanike? Mu a kara haka munka taso: ka buɗe bakin rago ka ga haƙori, ka taɓa gadon baya, ka sa a kora shi ka ga tahiya. In ka sallama kuɗɗi ka kai gida kana kuka, wa ya cuce ka? Ba a yi maka rantsuwa ba, ba a ɗaure maka ido ba.

MalamNaTibiri:
Wa alaikumus salam. Alhaji Dillali, Allah ya ƙara kasuwa, amma wannan maganar ba ta tsaya ba. Ai mas'alar Dan_Bagalam kusan ita ce ta faru a gaban Manzon Allah (SAW). Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya wuce wani mai tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku lura, ba a ce mutumin ya buɗe baki ya ce hatsina busasshe ne ba. Jera kayan da ya yi shi ne ya yi magana a madadinsa. Kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin ciniki, inda aka jero abubuwan da ba su halatta ba: algus, yaudara, ɓoye aibin kaya, da cakuɗa mara kyau da mai kyau. Ɓoye aibi da kansa aka ambata, ba a jira sai an haɗa shi da ƙarya ba.

Dillalin_Kara:
Allah gafarta Malam, na ji. To amma in haka ne duk Babbar Kasuwa mayaudara ne ke nan. Wa ke hwaɗin kuɗɗin gaskiya a tayin hwarko? Kayan jika 12 sai a ce jika 20. Wannan ba sa ma mutum abin da ba haka ba ne?

Hajiya_MaiAtamfa:
Alhaji kada ka jawo mu cikin shari'arku ta raguna 😂 Ni in na ce turmi jika 20, ni na san ba nan za a tsaya ba, mai saye ma ta sani. Za ta taya, in ce albarka, ta yi kamar za ta tafi, in kira ta. Duk mun san rawar. Ba wanda ya fita da wani abu a ransa da ba gaskiya ba. Inda abin ke lalacewa shi ne in na ce "wallahi ni ma jika 18 na saro shi" alhali ƙarya ne, ko in miƙa mata na roba in ce mai kyau ne ba ya zuba. Nan kam ta dogara da bakina ne, ba da wayonta ba.

Mushe_Filo:
Hajiya ta taɓo jijiyar maganar ba tare da ta shiga aji ba. Abin da nake koya wa ƴan ajin ƙarshe a lise ke nan idan muka zo babin gaskiya. Ƙarya tana zaune a cikin magana: ka faɗi abin da kai kanka ba ka yarda da shi ba. Yaudara kuwa tana zaune a cikin kan wanda aka yi wa: ka dasa masa wani zato da ka san ba haka yake ba, da gangan, shi kuma bai san wasa ake ba. Hanyar dasawar ba ta da iyaka. Magana, shiru, tufafi, takardar bogi, murmushi, har gaskiya tsagwaronta in an zaɓi wadda za a faɗa aka danne sauran. Shi ya sa ma maƙaryaci yana iya yin ƙarya ta faɗi ƙasa, don ba a yarda da shi ba. Ya yi ƙarya amma yaudararsa ba ta ci ba. Kuma wanda ya ba ka labarin da ba daidai ba alhali shi ya ɗauka daidai ne, kuskure ya yi, bai yaudare ka ba.

Batun "bai san wasa ake ba" shi ne amsar Alhaji Dillali. Ku je filin kokawa na Kantu lokacin gasar takobi, ku ga ɗan kokawa ya yi kamar zai kama wuya sai ya sunkuya ya ɗauke ƙafa. Ba wanda zai ce ya ci amana, don wanda ya shiga fili ya yarda da wannan tun kafin a buga ganga. Tayin farko a kasuwa irin wannan ne. Baƙin mai mai kauri ba irinsa ba ne, mai saye bai shiga wannan wasan ba.

YarMadarunfa:
Mushe ka tuna min da kakata. In za ta yi mana tatsuniya sai ta ce "ga ta nan ga ta nanku", in ta gama ta ce "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Ashe tun a bakin ƙofa ake sanar da kai cewa abin da ke tafe ba gaske ba ne. Amma ni abin da ke ɗaure min kai, me ya sa muke son Gizo? Duk tatsuniyarsa cuta ce, ya cuci kura, ya cuci giwa, har Ƙoƙi matarsa ba ta tsira ba, mu kuma muna ta dariya muna jin daɗi. Anya ba tun muna yara ake koya mana cewa mai wayo shi ne gwani ba?

Kabukabu_227:
Ai Gizo manya yake cuta, shi ya sa. Talaka in ya ga an yi wa kura wayo sai ya ji sanyi.

YarMadarunfa:
Ƙoƙi babba ce? 🙄

Makanike_Zariya:
Ku bar Gizo, ku zo ga na zamani. A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sa wata manhaja a cikin motocinsa masu shan gazuwal. Manhajar tana gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai injin ya natsu ya fitar da kaɗan. Da an hau titi sai ya koma fitar da ninkin-ba-ninkin abin da doka ta yarda. Kamfanin da kansa ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 ne a duniya. To wannan da na mai moton Dan_Bagalam uwarsu ɗaya: a gyara abu ya yi kyau daidai lokacin da ake dubawa. Kuma Alhaji Dillali, can ba za ka ce mai saye bai iya dubawa ba, injiniyoyin gwamnati ne da na'urori suka yi shekaru ba su gani ba. Ni a gareji in an kawo min moto a ce duba za a saya, abin da nake fara yi shi ne in zare sandar mai in murza a yatsa, sannan in ciro buji in ga bakinsa. Mai da ya yi sabo ƙal a tsohon inji, tambaya ce.

Gimbiya_Mokoyo:
Kun tsaya kan moto da raguna, kun bar inda yaudara ta yi gida. Samarin garin nan fa? Ya ari moto, ya ari shadda, ya ari har turare, ya zo zance yana karkaɗa makulli. Bai ce nawa ne ba, amma ya san abin da kike zato. Wata ƙawata sai bayan an ɗaura aure ta gane shagon da ake kai ta tana gaida yara, shi ma yaron shago ne. Kuma wallahi da ya faɗa mata gaskiya da ta aure shi a haka, don tana sonsa. Abin da ya ƙona mata rai ba talaucin ba ne, a'a, shi ne ya zaɓar mata. Ya hana ta yanke shawara da idonta buɗe.

Dan_Bagalam:
Ƙanwata, maganarki ta ƙarshe ta fi duk abin da na faɗa a fada. Amma a yi adalci, ku fa? Hoton da ake turowa a WhatsApp da wadda ake tararwa a zaure wani lokaci sai an yi sallama sau biyu.

Gimbiya_Mokoyo:
Yaya, kwalliya ce. Kowa ya san mace na kwalliya. Ka koma ka karanta abin da Mushe ya rubuta kan kokawa.

MalamNaTibiri:
Raha gefe, batun aure yana da nauyi. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai aibobin da in an ɓoye su kafin ɗaurin aure, wanda aka ɓoye wa yana da zaɓin ya zauna ko ya fasa: hauka, kuturta, albaras, da ciwon da ke hana zaman aure. Malamai ba su ce "ai da ka bincika" ba. Yau kuma ga gwajin jini ya zo, na sikila da na sida. Wanda ya san sakamakonsa ya ɓoye, ko ya sayi takardar bogi, ni ban ga abin da ya raba shi da mai jiƙaƙƙen hatsi ba, sai dai nasa ya fi muni, don ƴaƴa ne za su biya.

Tsoho_Sabongari:
Ƴaƴana ina karanta ku. Ni tambayata ga Malam da Mushe. Mu Hausawa an gina mu a kan kunya. Ka je gidan surukai da yunwa, a kawo tuwo, ka ce alhamdulillahi na ƙoshi. Kana kwance jiki ya ƙi, a ce ina gajiya, ka ce babu gajiya, lafiya lau. Matarka ta yi miya gishiri ya zarce, ka ce ta yi daɗi. In aka bi ma'auninku, duk tsofaffinmu mayaudara ne ke nan? Ni ban yarda ba.

Mushe_Filo:
Baba, akwai wanda zai ce maka e. Bajamushen nan Immanuel Kant ya rubuta a 1797 cewa ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya, ba ka da izinin yi masa ƙarya. Ɗalibaina duk shekara sai sun yi masa ca a kai, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ni dai a nawa ganin "na ƙoshi" a gidan surukai ba ta yaudarar kowa, shi ya sa ake sake cewa "haba, ɗan taɓa mana" har sau nawa. Surukar ta san kana jin yunwa, kai ma ka san ta sani. Gaisuwa ce, ba rahoto ba. Ta miyar ce ta fi wuya, don ita uwargida tana iya ɗauka da gaske.

MalamNaTibiri:
Ta miyar ma akwai sauƙi, Baba. Hadisin Ummu Kulsum ƴar Uƙba yana cikin Bukhari da Muslim: wanda ke sulhunta mutane ya faɗi alheri ba maƙaryaci ba ne. A ruwayar Muslim an ambaci wurare uku da aka yi rangwame: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Malamai sun yi bayani cewa na miji da mata shi ne abin da ke ƙara ƙauna, ba wanda za a ci haƙƙin ɗaya da shi ba. Amma kada a buɗe ƙofar da faɗi. Abu Dawud ya ruwaito wata uwa ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Annabi ya tambaye ta me za ki ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Yaro ƙarami fa. Mu kuwa kullum "yi shiru in sayo maka alewa."

Sojan_Baya:
Yaƙi ɗan zamba ne, Hausawa ma sun faɗa. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin sojojin ƙawance su sauka Normandi a gaɓar tekun Faransa, sai da suka shirya rundunar ƙarya a kudancin Ingila, da saƙonnin rediyo na bogi da ƴan leƙen asiri masu kai wa Jamus labarin da aka tsara, har Jamusawa suka yarda ta wajen Kale, wani gari daban a gaɓar, za a shigo. Ba wanda ya kira wannan cin amana, don babu amana tsakaninsu tun farko. Abin da ko a yaƙi aka hana shi ne ka ɗaga farar tuta ko ka sa alamar masu agaji sannan ka buɗe wuta.

NaKowa_Dakoro:
Su kuma masu zuwa da buhun shinkafa lokacin zaɓe su ce za su kawo ruwa da kwalta fa? Ko ba za a taɓa nan ba?

Admin_Zaure:
@NaKowa_Dakoro dokar zaure ta hana siyasa. A ci gaba da abin da ake.

Inna_Habsu_Tela:
Ni ba ni da ilimin su Malam, abin da ya same ni zan faɗa. Ina kan keke ina ɗinkin sallah saƙo ya shigo salulata, wai an turo min jika 25. Ban gama karantawa ba sai ga kira, muryar dattijo, yana salati yana cewa ƴata ki taimake ni, kuɗin maganin matata ne na yi kuskuren lamba, tana kwance a likita. Har da kukan yaro a bayansa. Ya ce ki riƙe jika 2 ki sha ruwa, ki maido sauran. Na tashi na bar ɗinki na je wajen mai tura kuɗi. Yaron wurin ne ya ce Inna bari mu duba asusunki tukuna. Babu ko dala da ta shigo. Saƙon daga lambar mutum ya fito, an dai kwaikwayi yadda na kamfani ke zuwa. Da na kira lambar a kashe. Abin da ya tsaya min har yau, ba da kwaɗayi ya kamo ni ba, da tausayi ne.

Dillalin_Kara:
Allah shi kiyaye gaba, Inna. Amma mahi yawan waɗanda ake damfara kwaɗayi ne ka kai su. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda anka ce ma kawo jika 100 ka amshi 130 ƙarshen wata ba ka yi aikin komi ba, shi ma ai ya san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dalibi_UDDM:
Alhaji wannan da ka kawo shi ne tsarin MMM, ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Ya ci mutane da yawa a Najeriya, ya rufe asusun jama'a a Disamban 2016, kuma mu da ke bakin iyaka labarinsa bai wuce mu ba. Dabarar tsohuwa ce, sunan Charles Ponzi take ɗauke da shi, wanda ya yi ta a Boston a 1920. Babu wata sana'a a ƙasa, kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, ranar da sababbi suka ragu sai ginin ya rufta. Bernard Madoff ya yi irinta a Amurka shekara da shekaru, asirinsa ya tonu a 2008, aka yanke masa shekara 150. Waɗanda ya cuta har da bankuna da masu digiri a harkar kuɗi, ba ƴan ƙauye ba.

Ga abin da nake so zaure ya duba. Wanda ya shiga da wuri, aka biya shi da gaske, ya je ya jawo ƙanwarsa da abokinsa da zuciya ɗaya, kuɗinsu suka nutse. A ma'aunin Mushe bai yaudare su ba tunda ya yarda da abin. Amma anya bai ji wani abu a ransa ba ya danne? Akwai mutumin da ba ya tambaya don ya san amsar ba za ta yi masa daɗi ba.

Mushe_Filo:
Ɗalibi ka kai mu inda masana suka daɗe suna kai-kawo: mutum zai iya yaudarar kansa? In ni ne mai ɓoyewa kuma ni ne ake ɓoye wa, to na sani ko ban sani ba? Abin da na fi karkata gare shi shi ne ba ƙarya mutum ke yi wa kansa kai tsaye ba, ido yake kawarwa. Yana zaɓen wanda zai saurara. Kuma na farko da ake biya a irin wannan tsari, biyan nasa shi ne tallar. An yi amfani da gaskiyarsa aka kama danginsa.

Kabukabu_227:
Ni dai maƙaryaci ko daga ido ina gane shi. Ba ya iya haɗa ido da kai.

Dalibi_UDDM:
Yayana kowa haka yake zato. Masu bincike biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara gwaje-gwaje sama da 200 a 2006, suka samu mutane na dacewa wajen raba gaskiya da ƙarya kashi 54 cikin ɗari ne kawai. Wanda ya yi canke a makance zai samu 50. Kuma kawar da ido ba alama ba ce abin dogaro, balle a nan inda yaro mai tarbiyya ba ya kallon babba cikin ido. Ɗan damfara na gaske shi ne zai zuba maka ido yana salati.

Majo_Fati:
Bari in kawo ta wajen aikinmu. Dattijo ya zo, sakamako ya nuna ciwon ya yi nisa. Ƴaƴansa su ja ki gefe su ce don Allah kada a faɗa masa, zai karaya. Shi kuma ya kama hannunki ya ce ƴata, zan tashi ko? In kin ce "Baba, sauƙi na wajen Allah, mu ci gaba da magani", ba ki yi ƙarya ba, amma kin san abin da ya fahimta. Wani lokaci na ga hakan rahama ce. Wani lokaci kuma mutum ya tafi bai yi wasiyya ba, bai faɗi bashin da ke kansa ba, bai nemi gafarar wanda ya ɓata wa ba, don an bar shi yana zaton zai koma gona bana. Wa ke da ciwon, shi ko ƴaƴan? Ni yanzu nakan tambayi mara lafiya tun farko, kana so a faɗa maka komai ko a yi magana da babban ɗanka? Da yawa sun riga sun sani, su ma lallaɓa ƴaƴan suke.

Dan_Bagalam:
Majo, wannan ta dawo da mu kan tambayata, ta kuma rikita ni. Malam, na taɓa ji a wa'azi cewa lokacin hijira in an tambayi Sayyidina Abubakar wane ne wannan da ke tare da kai, sai ya ce mutum ne mai nuna min hanya. Mai tambaya ya ɗauka ɗan jagora ne, shi kuma hanyar shiriya yake nufi. To ta fuskar siffa, ai daidai yake da "hau ka zaga ka ji da kanka": magana gaskiya, fahimta karkatacciya, kuma da niyya. Me ya halatta wancan ya haramta wannan?

MalamNaTibiri:
Labarin ya inganta, yana cikin Bukhari daga Anas, kuma malamai suna kiran irin wannan tauriyya. Tambayarka mai kyau ce ɗana. Bambancin ba a siffar magana yake ba, a haƙƙi yake. Wanda ya tambayi Abubakar ba shi da haƙƙin sanin amsar, Ƙuraishawa sun sa lada a kan Annabi, faɗin gaskiya a nan miƙa rai ne. Kuma ba a karɓi komai daga hannun mai tambaya ba. Mai sayen moto kuwa kuɗinsa zai bayar a kan wannan amsar, saninta haƙƙinsa ne. Malamai sun ce tauriyya ba ta halatta in za a ci haƙƙin wani da ita ko a kare zalunci, har ma rantsuwa a gaban alƙali ana ɗaukarta ne a kan niyyar mai rantsarwa, ba a kan abin da mai rantsuwa ya ɓoye a ransa ba. Hadisin Hakim ɗan Hizam kuma ya haɗa abu biyu ga masu ciniki: in sun yi gaskiya kuma sun bayyana, a sa musu albarka, in sun ɓoye kuma sun yi ƙarya, a shafe ta. Gaskiya kaɗai ba ta wadatar ba sai da bayyanawa.

Mushe_Filo:
Na yarda da Malam a hukunci, amma a suna muna da ɗan saɓani. Ni zan ce duka biyun karkatar da fahimta ne, ɗaya halattacce ɗaya haramtacce. Malam kuma ina jin ba zai so a kira na farkon yaudara ba sam. Sannan "wa ke da haƙƙin sani" ba kullum yake a fili ba. Mara lafiyan Majo yana da shi, ƴaƴansa na ganin ba shi da shi.

Dillalin_Kara:
To Malam, tunda an zo nan, bari in tambaya don sallah na tahe. Rago in anka ba shi dussa da kanwa ya sha ruwa da sahe kahin a kai shi kara, cikinai ya tashi, wannan kiwo ne ko algus? Kuma abokina in ya tsaya gehe ya taya rago jika 150 don mai saye shi ji shi ƙara, alhali ba saye zai yi ba?

MalamNaTibiri:
Na biyun sunansa najashi, Annabi ya hana shi da nassi, babu ja. Na farkon kuma ka auna shi da hanin da aka yi na barin nono a hantsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An ba mai saye zaɓin maido ta tare da sa'i ɗaya na dabino. In don lafiyar ragon ka ba shi, kiwo ne. In don ido ya ga ƙiba inda babu, kai ka san amsa, Alhaji.

Dillalin_Kara:
Ni dai har gobe ina nan kan cewa mai saye ma shina da nashi alhaki. Kuma dillali tsakiya yake, mai rago ya ba ni amana in samo mai kuɗɗi, in na tona aibin kayanai shi kuma na ci tashi amanar. Wannan ba ku warware ta ba.

Makanike_Zariya:
Sai ka ƙi karɓar ragon, Alhaji. La'adar ce ba ka so ta wuce.

Hajiya_MaiAtamfa:
Kafin a watse, Malam ga tawa, don kullum ina ganinta a shago. Mace ta sayi leshi jika 40 da kuɗin adashenta, ta ce Hajiya in maigidana ya biyo ta nan ya tambaya ki ce 25 ne, kada ya ce ina ɓarna. Kuɗinta ne, ba nasa ba, ba a ci haƙƙinsa ba. Zaman lafiyar gida ne kuma. Wannan ta shiga zancen miji da mata da aka yi rangwame, ko ni ce za a rubuta wa?

Tsoho_Sabongari:
Hajiya, wace rana ce ta sayi leshin? Don tawa ta shigo da wani ranar Juma'a ta ce min 25.